Falle Bakwai na Yaya Indo

Duk wanda ya san Sahabi mahauci a Batsari ya san mutum ne da ba ya iya cin abu shi kaɗai. Ko gyaɗa ce 'yar kaɗan a tafin hannunsa, in ka gifta sai ya miƙo maka ya ce bismillah. Kai kuma, da yake ɗan gari ne kai, ka san amsarka: alhamdu lillahi, na ƙoshi. Ya sake tayi, ka sake ƙi. In ya yi na uku, nan ne za ka gane da gaske yake, sai ka ɗan tsakura ka wuce. Haka kowa ya taso ya ga ana yi, kuma abin bai taɓa jawo wa Sahabi wata masifa ba, sai da taubashinsa Malam Tayyib ya yi ritaya daga sashen noma na ƙaramar hukuma ya sayi babbar waya.

Wayar nan ita ta lalata Malam Tayyib. A cikinta ya ga Turawa masu yawon duniya da jaka ɗaya a baya, suna kwana a gidajen da ake ɗora gado a kan gado, suna cin burodi da ruwa, suna shiga motar da talaka ke shiga. Tayyib dama mutum ne mai maƙo, wanda ko goro zai ba ka sai ya fara duba wanne ɓari ne ƙarami. Da ya ga akwai inda aka mayar da rowa abin alfahari har ana ɗaukarta a hoto, sai ya ce lallai ya gano danginsa.

Ya zo rumfar Sahabi wata safiya, ya zauna a kan benci ba a ce ya zauna ba.

"Ni Gana za ni," in ji shi. "In ga teku da idona. Kai kau sai ka zauna nan ka ci gaba da korar ƙuda."

"Kai?" Sahabi ya ce, bai ko ɗago daga cinyar da yake fiɗa ba. "Kai da ko Dutsin-Ma za ka sai ka jira motar da ta ɗauko awaki?"

"To ai ita za mu shiga. Nan hikimar take. Amma na san ba ka iyawa. Mutumin da iyakarshi Kano, ya ga gadar sama ya kama rigar direba."

Maganar gadar gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Kafin azahar Sahabi ya riga ya rantse a gaban mahauta huɗu cewa ƙafarsa ƙafar Tayyib. Aka yi fasfo, aka yi allurar rigakafi, aka sayo jakunkunan goyo na gwanjo a Katsina. Labari kuwa tuni ya isa Safana, inda yayar Sahabi, Indo, take zaune.

Indo tana da ɗa a Gana. Armaya'u sunansa, ko da yake ba za ka taɓa jin sunan a bakinta ba, don ɗan fari ne; "yaron nan" take cewa. Shekara bakwai da suka wuce, bayan rasuwar mahaifinsa, ya ce shi noma ya ishe shi, zai bi masu albasa kudu. Ta hana, ya ƙi hanuwa. Ranar da ya ɗauki jakarsa ta tsaya a bakin madafi ta rantse cewa in ya sa ƙafa ya fita, ba zai sake cin abincin hannunta ba. Ya fita. Hanya ta yi ta jansa har ta ajiye shi a Takoradi, yana gasa tsire a bakin titi. Yakan kira ƙanwarsa Zuwairatu a waya su gaisa, Indo kuma ta ga dama a daidai lokacin ta zo kusa tana sheƙar hatsin da aka riga aka sheƙe. Amma tsakaninta da shi ko sannu ba ta shiga ba. Ita ta rantse, shi ya yi zuciya, kuma su biyun taurin kai iri ɗaya gare su.

Ranar kasuwar Batsari sai ga ta a bayan mashin, rungume da wata roba mai murfi. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi yara da shanu da ciwon gwiwa, ta tura robar gaban ƙanenta.

"Ka samo cinya mai kyau," ta ce. "Ba irin wadda kake saida ma mutane ba."

Sahabi ya buɗe, ƙamshi ya buge shi. Labu ne, wato kwaɓin da ake tsoma kilishi a ciki: tunkuza, citta, masoro, kanumfari, kimba, da wani abu guda da Indo ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har shi da yake sana'ar. Da hannunta ta daka. Nan take ya tuna cewa watan jiya ta aiko a yankar mata nama, ta dafa ta ciyar da mabuƙata goma, ba suna ba biki. Kaffarar rantsuwa ce ashe. Ya san in ya furta haka za ta ɗauke robarta.

Kwana uku ya yi a kan aikin. Ya yanyana naman ya yi siriri har kana hango haske ta cikinsa, ya shanya, ya tsoma a labu, ya sake shanyawa, ya gasa a wuta mai sanyi. Falle bakwai suka fito, kowanne ya kai faɗin faifai. Indo ta dawo ta ƙirga su da ido, ta naɗe a takardar buhu, ta ɗaure da zare.

"Ka kai ma yaron nan."

"To mi zan ce mashi, Yaya?"

"Ka ce mi? Kilishi ne. Kai ka yi shi, ba ni ba."

Ta juya ta tafi neman mashin. Sahabi ya tsaya da ƙunshin a hannu, ya san ba nama aka ba shi ba. Abin da bakin yayarsa ya kasa faɗa shekara bakwai ne aka naɗe a takarda, kuma in bai isa ba, ba za ta sake naɗe wani ba.

Ranar tafiya ya ƙi rabuwa da babbar riga, ya ce ba zai shiga ƙasar mutane kamar ɗan dako ba. Da ya goya jakar a kanta, igiyoyin suka tattare hannayen rigar baya, ya fito kamar zakaran da aka ɗaure wa fukafukai za a kai kasuwa. Tasha ta yi dariya har da masu shayi. A ƙasan jakar ƙunshin Indo yake, a sama kuma nasa kilishin na guzuri, wanda ya yi da labun kasuwa.

Daga Katsina zuwa Legas komai ya tafi daidai. Motar cike take da mutanen arewa, masu tarbiyya. Duk inda aka tsaya Sahabi ya buɗe guzurinsa ya yi tayi dama da hagu, kowa ya dafa ƙirji ya ce ya ƙoshi. Ya isa Legas guzurin kamar ba a taɓa ba, har yana yi wa Tayyib gori cewa tafiya ba wuya.

A Kwatano, bayan sun tsallaka iyaka, aka fara. Tayyib ya bi wayarsa lungu lungu har ta kai su wani gida mai shuɗin ƙofa, inda ya ce duk garin babu mai arharsa. Ɗaki ɗaya, gado takwas, huɗu a ƙasa huɗu a sama.

"Ni in hau can?" Sahabi ya ce. "Mai ɗiya tara, a jibge ni sama kamar damin gero?"

"To kwanta ƙasa."

"Wani ƙato ya kwana bisa kaina?"

Ana cikin haka ƙaton ya leƙo da kansa daga gadon sama. Bature ne dogo, gashi a cukurkuɗe, wando a yage a gwiwa biyu, ƙafa duk ƙura. Ya ce sunansa Yonas, Sahabi ya gyara masa shi ya koma Yunusa. Tausayi ya kama Sahabi ƙwarai.

"Tambaye shi, halan ɓarayi suka tare shi?"

Tayyib ya tambaya da Turancinsa na ofis, ya juyo. "Ya ce likitan haƙori ne a ƙasarsu. Shi ya ga dama ya yi wanga shiga."

"Kunya ce ta hana shi faɗi," in ji Sahabi. "Dubi cikinshi, ya lafe."

Da rana suka zauna a tsakar gidan, Sahabi ya kwance guzurinsa. Yunusa na zaune can gefe yana gutsurar busasshen burodi. Sahabi ya nuna kilishin da hannu biyu ya ce bismillah, yana shirin jin abin da ya saba ji. Bature ya yi murmushi, ya tashi, ya jawo kujera, ya zauna. Ya ɓalli yanki ya kai baki. Idonsa ya kawo ruwa don yaji, amma ya ɗaga babban yatsa, ya juya ya ƙwala wa wasu abokansa biyu kira. Su ma suka jawo kujeru.

Sahabi ya bi hannuwansu da kallo, daga takarda zuwa baki, daga baki zuwa takarda. Guzurin da ya yi lissafin zai kai shi Gana ya dawo da shi, bai kai la'asar ba.

"Tayyib," ya ce a hankali, "ko na biyu ban yi ba."

"Su na ɗaya suke ji," in ji Tayyib, yana suɗe yatsa.

Washegari da safe Yunusa ya so ya rama alheri. Ya dafa taliya da ƙwai a madafin gidan, ya zubo faranti ya miƙo wa Sahabi. Sahabi kuwa cikinsa na kuka, ƙamshin na shiga har ƙwaƙwalwarsa, amma ɗan mutunci ne. Ya shafa ciki ya girgiza kai. Yunusa ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya miƙa wa Tayyib, Tayyib ya karɓa tun hannun bai gama miƙewa ba. Sahabi ya gyara zama yana jiran tayi na biyu. Ya yi gyaran murya. Ya kalli farantin, ya kalli Baturen. Baturen ya cinye nasa, ya wanke tukunya, ya kife, ya ɗaga masa hannu ya fita. Har yau in Sahabi yana ba da wannan labari a rumfarsa, nan ne muryarsa take rawa.

A Lome ya shafa ƙasan jakarsa ya ji abin da ya tayar masa da hankali. Ƙunshin Indo ya yi laushi. Iskar bakin teku laima gare ta, ba irin ta gida ba, kuma duk mahauci ya san kilishin da ya saki jiki kwana biyu ya rage masa ya yi fumfuna. Magani ɗaya ne, a shanya shi ya sha rana. Ya leƙa tsakar gidan da suka sauka ya ga mutane, sai ya lallaɓa ya hau rufin bene, ya shimfiɗa mayafinsa, ya jera falle bakwai, ya zauna gadi.

Abin da bai sani ba shi ne, a irin waɗannan gidaje rufin bene shi ne dandali. Nan suke shanya wanki, nan suke shanya kansu. Wani abin da bai sani ba kuma, masu tafiyar arha hanya ɗaya suke bi, waya ɗaya take kai su gida ɗaya. Bai yi rabin awa ba sai ga kai mai cukurkuɗaɗɗen gashi ya ɓullo daga matakala. Yunusa ne, da mutum huɗu a bayansa. Ya yi ihun murna kamar ya ga ɗan uwansa.

Suka zagaye mayafin suka tsaya. Ba su roƙa ba, a yi musu adalci. Tsayawa kawai suka yi suna kallo suna shaƙar ƙamshi. Sahabi ya datse bakinsa. Ya kalli sama, ya kalli teku, ya shiga karanta duk abin da ya zo masa a zuci. Ya gaya wa kansa amana ce, ba tasa ba ce, wanda ba shi da abu ba ya tayinsa. Da ƙattin ne kaɗai da ya tsira. Amma a cikinsu akwai wata tsohuwar Baturiya mai furfura, sa'ar Yaya Indo, 'yar firit da ita, kuma da idonsa ya ga ta haɗiye yawu. Shekara hamsin da biyar bai taɓa zama a gaban nama tsohuwa na tsaye a kansa ya yi shiru ba. Hannunsa ya motsa da kansa, bakin ya bi.

Ƙasa ƙasa ya ce bismillah, amma sun ji.

Lokacin da Tayyib ya hawo, falle uku sun tafi. Sahabi ya tattare huɗun da suka rage ya rungume kamar jariri. Tayyib ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan da ya ga fuskar taubashinsa ya gane abin ya wuce wasa. Ya ja Yunusa gefe ya yi masa karatu: a garinmu in an yi maka tayi, ƙi ake yi. Na farko gaisuwa ce. Na biyu girmamawa ce. Sai an yi na uku ake ci. Yunusa ya yi ja har kunnuwa, ya dafe kai, ya zo ya riƙe hannun Sahabi yana ta ba da haƙuri. Har rubuta dokar ya yi a wani ɗan littafi.

"Shi ke nan," Tayyib ya ce. "Na yi maka maganinsu. Huɗu ma saƙo ne."

Suka tsallaka Gana, suka wuce babban birni a wata mota da aka cusa su da kwandunan kifi, har Sahabi ya ce ko a lahira ya ji warin nan zai gane shi. Kwana ɗaya ya rage su isa Takoradi suka sauka a wani ƙauyen masunta, a bukkokin da ke kallon ruwa. Tayyib ya naɗe wando ya shiga teku iya idon sawu, igiyar ruwa ta taso, ya fito da gudu ya ce ya gani, ya isa. Sahabi kuwa ya taɓa ƙunshin ya ji ya sake yin laushi. Ya nemi wani kwalekwale da aka kife nesa da mutane, ya shimfiɗa mayafi a bayansa, ya jera falle huɗu.

Ba sai an faɗa ba, Yunusa ya iso a motar da ta biyo tasu. Wannan karon mutum shida ne tare da shi, kuma a hanya ya karantar da su duka daga littafinsa. Suka zo suka tsaya. Sahabi ya ji tsoro, sannan ya tuna an yi maganinsu, sai ya saki jiki ya ce bismillah.

Mutum bakwai suka dafa ƙirji a tare suka girgiza kai. Yunusa har da shafa ciki.

Daɗi ya kama Sahabi. Ka ga mutane, in ji shi a ransa, ashe suna da hankali, koyarwa ce ba su samu ba. Ya sake tayi da murya mai ƙarfi don ya ƙara jin daɗin. Suka sake ƙi, wata budurwa a cikinsu har da ɗan rusunawa. To, a nan ne aka samu matsala. Duk ɗan Batsari ya san wanda ya ƙi sau biyu da irin wannan ladabi ya cancanci na uku, kuma hana shi na uku rowa ce tsagwaronta. Sahabi bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Kafin ya tuna Indo, kafin ya tuna Takoradi, ya ji bakinsa ya ce, "Haba, ku taɓa mana, don Allah."

Yunusa ya ɗaga yatsu uku ya nuna wa sauran. Suka zauna.

Da suka tashi, takarda ce kawai ta rage, ta jiƙe da mai, sai ɗan garin labu a lungunan ninkinta. Suka yi ta godiya, suka tafi suna fifita baki. Sahabi ya zauna a gindin kwalekwalen. Baƙin ciki ya cika shi, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ba Turawan yake jin haushi ba, sun bi doka yadda aka koya musu. Kansa yake jin haushi, mutumin da ya fi tsoron a ce masa marowaci a kan ya ci amanar yayarsa.

Tayyib ya zo ya zauna kusa da shi, wannan karon babu dariya.

"Akwai Hausawa a Takoradi," ya ce. "Mu sayi wani mu naɗe a takardar. Wa zai sani?"

"Shi. Loma ɗaya zai yi ya sani. Da wanga labun aka yaye shi."

Can sai ga Yunusa da faranti, taliya da ƙwai, ya miƙo yana shirin ƙirga ƙi biyu. Sahabi ba shi da ƙarfin bin al'adar gari. Ya miƙa hannu ya karɓa a tayin farko. Baturen ya yi sororo, sannan fuskarsa ta washe da murna kamar an yi masa kyauta. Sahabi ya lura da wannan, yana ci yana mamaki. Taliyar ba gishiri, amma ya cinye.

Ba su sha wuyar samun Armaya'u ba. Wani mai shayi ya nuna musu kwanar da yake, suka hango shi a bayan tukuba yana juya tsire, ya yi ƙiba ya tara gemu, amma tsayuwar ta mahaifinsa ce. Da ya gane su ya saki tsinken da ke hannunsa ya zo ya durƙusa.

"Kawu! Kawu, ku ne?"

Aka yi gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi Batsari, ya tambayi Safana, ya tambayi Zuwairatu da damina da mutanen ƙauyen Zakka, har jakin maƙwabta ya tambaya. Mutum ɗaya ne bai tambaya ba. Sahabi ya sa hannu a jaka ya ciro takardar, a ninke, an ɗaure ta da zarenta, ba nauyin komai. Ya miƙa masa ba tare da ya kalle shi ba.

Armaya'u ya kwance, ya ga babu komai, ya ɗago da mamaki. Sai ƙamshin ya iso shi. Ya kai takardar hanci. Ya tsaya haka, tsire na ƙonewa a bayansa bai juya ba.

"Wanga labun Inna ne," ya ce.

Da a ce kilishin ya iso, da Sahabi ya ce shi ya yi, kamar yadda aka umarce shi, ya ja bakinsa ya yi shiru. Amma ba a miƙa wa mutum takarda wayam a yi shiru. Dole ya yi bayani, kuma da ya fara sai ya kasa tsayawa. Ya faɗi falle bakwai, ɗaya a kan kowace shekara. Ya faɗi mabuƙata goma da aka ciyar. Ya faɗi hatsin da ake sheƙewa sau biyu duk ranar da waya ta yi ƙara.

"Ta ce in ce ni na yi. Wuƙa tawa ce, wuta tawa ce, sauran duk nata ne. So take ka dawo, Armaya'u. Ba ta faɗa ba, ba kuma za ta faɗa ba, ko shekara nawa za a ƙara. Ni kau na ci amanarta, na raba ma Turawa."

Armaya'u ya dangwali garin labun da yatsa ya sa a harshe. Ya juya baya yana goge ido, ya ce hayaƙi ne. Da ya juyo ya tambaya, da wata irin murya, yadda aka yi Turawa suka cinye falle bakwai. Tayyib ya karɓi labarin, ya ƙara masa gishiri, ya kwaikwayi Yunusa da yatsunsa uku. Armaya'u ya yi dariya har ya riƙe tukuba, hawayen kuma ba su tsaya ba.

"To, Kawu," ya ce, "tunda kun cinye nawa, sai in je in amso wani."

Kwana tara bayan haka, da la'asar, mashin uku suka tsaya a ƙofar gidan Indo a Safana. Zuwairatu ta fito ta yi ihu. Indo tana tsakar gida tana tsince wake. Ta ɗago sau ɗaya, ta ga wanda ke bayan ƙanenta, ta mayar da kanta kan faifai. Ta gaida Sahabi, ta tambaye shi hanya. Ta tsokani Tayyib, ta ce ta ji teku ta kore shi. Armaya'u ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe ta, ta amsa da "lafiya" guda ɗaya, tana kallon bango.

Sannan ta tashi ta shiga madafi. Ta daɗe. Ta fito da kwano a rufe, da hannunta, ba ta aiko Zuwairatu ba. Tuwon dawa ne da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Ta ajiye shi a gaban ɗanta, ta kawar da kai, ta gaya wa iska:

"Ga abinci nan, in akwai mai ci."

Armaya'u kansa na ƙasa. Ɗan gari ne, kuma kunya ta rufe shi, sai bakinsa ya kama hanyar da ya sani. "Alhamdu lillahi, Inna, na ƙo..."

Sahabi ya zabura. Ya san yayarsa. Shekara bakwai ta yi tana tara wannan tayi guda ɗaya, kuma ba ta da na biyu, balle na uku. In kwanon nan ya koma madafi a rufe, ya koma ke nan. Ya miƙa ƙafa ya take yatsun yaron da ƙarfi.

"Kai," ya ce ta gefen baki, "yi irin na Yunusa."

Armaya'u ya haɗiye sauran maganar. Ya jawo buta ya wanke hannu, ya buɗe kwanon, ya yanki loma ya kai baki. Ya ƙara wata. Indo ta juya musu baya tana gyara tukwanen da ba abin da ya same su, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki waccan ta mayar, ta kai gefen zanenta fuska sau biyu. Sai da aka ji hannu ya fara taɓa gindin kwano sannan ta yi gyaran murya, ba ta juyo ba.

"Zuwairatu," ta ce, "ƙaro ma yaron nan miya."